Kwanon Gidan Maharazu

A Unguwar Maitama, wani ƙauye da ke gefen hanyar Dandume, ba a tambayar magidanci abin da ya samu a gona. Ba sai an tambaya ba, tunda kullum bayan sallar magariba kwanon gidansa zai fito ƙofar Baba Mudi, inda mazan layin ke ciyayya, kowa ya gani da idonsa. A kan tabarma ake jera kwanukan. Baba Mudi, da yake ya girmi kowa, shi ke miƙa hannu ya jawo wanda za a fara da shi. In an cinye a ture gefe, ya jawo na gaba, abin da ya rage kuma a mayar cikin gida. Haka suka tarar iyayensu na yi, kuma har yau da kowa ke yawo da waya a aljihu ba su fasa ba.

Shekara da shekaru kwanon gidan Maharazu ake fara jawowa.

Maharazu dogo ne, baƙi, mai faɗin kafaɗa, irin mutanen nan da muryarsu ke riga su isa wuri. Shi ne ɗan fari a wurin Malam Murtala, wani manomi mai sanyin hali wanda bai bar wa 'ya'yansa komai ba sai gonaki biyu da tsohon rumbu. Maharazu yana ɗan yaro aka yi wata shekara da ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba. A shekarar ya ga ubansa ya naɗe buhu ya sa a hammata, ya nufi gidan surukansa roƙon hatsi, ya kuma ga yadda ya dawo kansa a ƙasa, bai iya kallon kowa ba. Yunwar shekarar ta wuce, Maharazu ya manta da ita. Amma tafiyar nan ta ubansa da buhu a hammata ba ta taɓa fita daga ransa ba, kuma kusan duk abin da ya yi a rayuwarsa daga baya, na kirki da na wauta, daga nan ya samo asali.

Ya tashi da zafin nema. Bai yi nisa a boko ba, bai kuma damu ba. Masara yake nomawa da dawa da waken suya, in kaka ta yi kyau ya ƙara da barkono. Ya auri Zaituna, 'yar mutanen Dayi, mace marar yawan magana wadda Allah ya ba hannun girki. Suka haifi Bushra, da Mannir, da autansu Kamalu. Zaituna ko miyar kuka ta kaɗa sai maƙwabta sun ji a hancinsu, shi ya sa Baba Mudi ke cewa a fara da nata tun da zafinsa.

A harkar cefane Maharazu yana da tsarinsa, kuma ba ya gajiya da bayyana shi ga wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Da kaka yake sayen kayan shekara, lokacin da komai ke araha: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kanwa, gishiri, jarkar manja, tattasai da tumatir busassu. Hatsi kuwa a ware na ci daban, na iri daban, na sayarwa daban, kuma na ci ba a taɓa shi ko da mai saye zai yi kuka. Kowace safiya shi da kansa yake auna wa Zaituna da tiya, ya cika ta har ta yi tozo, ya ƙara da hannu. In ya ga magidanci ya dawo daga kasuwa da ɗan ƙullin hatsi a leda, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, tsabar kaji ka sayo?" Ba mugu ba ne, don sau da yawa shi zai aika wa mutumin da dawa a ɓoye. Bakinsa ne dai ba shi da linzami, kuma yana son a san cewa gidansa ba a awon rana-rana.

Da abin hannunsa ya ƙaru sai rumbun ubansa ya fara yi masa kama da kayan da. Ya gina sito na bulo a cikin gida, da daɓen siminti da rufin kwano da ƙofar ƙarfe. Makullin ya ɗaure shi a mazagin wandonsa. Mutanen layin suka laƙaba masa Mai Sito, ya yi kamar bai so ba, alhali har cikin ransa ya ji daɗi.

A shekarar da ya gama ginin masararsa ta yi kyau ƙwarai. Sai dai a lokacin an matsa wa gonaki da sata, mutum ya bar amfaninsa da yamma ya tarar da kara tsaye da safe. Maharazu ya ce ba da shi ba. Ya karye masarar tun ba ta gama bushewa a jikin kara ba, ya kira masu injin casa, ya baza ta a bakin titi. Ba ta sha rana yadda ya kamata ba hadari ya taso, domin ruwan shekarar ya ƙi ɗaukewa da wuri. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ciza, ya ji ba ta yi ƙaras ba, ya kuma san abin da hakan ke nufi, don ba yau ya fara noma ba. Amma hadari na kansa, leburori na jira, sabon sito kuma na can wayam. Ya ce a ɗura. Aka ɗura a buhuna, aka jibge a kan simintin da ko katako ba a shimfiɗa masa ba, ya ja ƙofar ƙarfe ya kulle. Dawarsa da wakensa ya sayar, ya biya magina, ya bar 'yar dawar da ke cikin tsohon rumbu ta riƙe gidan zuwa bazara. A wurin ciyayya ya sanar da kowa cewa shi ba zai taɓa sito ba sai an yi shuka.

Ya cika maganarsa kuwa. Sai da ruwan shuka ya sauka, dawar rumbu ta kai ƙasa, sannan ya sa makulli. Warin da ya tarye shi a bakin ƙofa ya isa ya gaya masa komai, amma ya shiga ya farke buhun farko, ya farke na biyu, ya janyo na can ƙasa. Masarar ta dunƙule ta yi baƙi da kore, fumfuna ta cinye ta, inda ta bari kuma ƙwari sun mayar da shi gari. Ko akuya ba a ba irin wannan. Ya tsaya a tsakiyar siton gumi na karyo masa, kuma abin takaicin shi ne ba yunwa ce ta fara faɗo masa a rai ba. Abin da ya fara tunawa shi ne tabarmar ƙofar Baba Mudi, da bakin Shitu mai injin niƙa, wanda ya sha tsokana a kan ƙullin leda.

Ya fito ya mayar da ƙofa ya kulle. Zaituna na tsakar gida tana wanke-wanke, ta ɗago ta dube shi.

"Malam, ba ka fito da komai ba."

"Na fasa," in ji shi. "An ce masara za ta ƙara tashi. Mu ɗan lallaɓa da ta kasuwa tukuna."

Warin ya iso har inda take. Ta mayar da kanta kan kwanukan da take wankewa.

Daga ranar Maharazu ya shiga rayuwar da ya fi tsana. Ya sayar da tumakinsa ɗaya bayan ɗaya, ya raba abin da ya samu tsakanin takin gona da bakin gida, kowanne bai ƙoshi ba. Kasuwar Dandume na nan kusa, hatsi har ya yi yawa, amma can kowa ya san shi. Sai ya riƙa hawa babur ya tafi Funtua, ya shige layin 'yan awo inda ba mai kiransa Mai Sito, ya sayi 'yan tiyoyi ya zuba a buhun taki, ya ɗaure a bayan babur don wanda ya gani ya zaci gona za shi. In mai awo ya tambaye shi ko a ƙara, sai ya ce ai na kaji ne. Kayan miyar da ya tara da kaka su ma suka bi hanya, jarkar manja ta koma sai an kifa ta an jira.

Awon safe ya ragu. Tiyar da ke yin tozo ta koma shafe, daga baya ta koma ba ta cika ba. Yakan miƙa wa Zaituna yana kallon wani wuri. Abu ɗaya kawai ya gindaya mata.

"Kwanon waje kada ya canza. Yadda aka saba ganinsa haka za a ci gaba da ganinsa."

"To, Malam," ta ce.

Kwanon kuwa bai canza ba. Kullum ya fito cike, malmala a kan malmala, miya a wadace. Mutum mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa yadda ɗan awon nan ke cika kwanon maza har ya ciyar da mace da yara uku. Maharazu yana da hankali, lissafin hatsi kuma ba wanda ya kai shi a layin. Bai tambaya ba ne saboda ba ya son jin amsar. Namiji a waje yake cin tuwonsa, in ya shigo an riga an kwashe kwanuka, sai ya gaya wa kansa cewa mata suna da dabarunsu, ga rama ga tafasa ga zogale duk damina ta kawo.

Ana cikin marka, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba kuma tsohon hatsi ya ƙare a yawancin gidaje, sai ya lura da wani abu. Baba Mudi ya daina fara jawo kwanonsa. Ranar farko ya ɗauka mantuwa ce ta tsufa. Amma abin ya ci gaba. A fara da na Shitu, a bi da na wane da wane, kafin a zo kan nasa sai Baba Mudi ya janye hannu ya yi hamdala, sauran ma kowa ya ce ya ƙoshi. Wani lokaci a buɗe a ɗan taɓa gefe, wani lokaci ko murfin ba a ɗagawa. Sai a kira yaro ya mayar da shi ciki yadda ya fito.

Abin da ya faru ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Shitu ne ke niƙa wa duk layin, ya ga gidan da ke aiko da babbar roba ya koma aiko da ɗan kwano, hatsin ma gauraye irin na 'yan awo. Ya faɗa wa Baba Mudi a keɓe, washegari Baba Mudi ya canza hannu. Ba wanda ya yi shawara da wani, kowa dai ya gane ya bi. Sun san halin mutuminsu, sun san in aka aika masa da hatsi zai iya daina gaisuwa da mutum har abada. Hanyar da suka samu ke nan ta mayar wa yaransa da tuwonsu ba tare da an ce masa komai ba.

Maharazu kuwa ya karanta abin a juye. Ya ce a ransa sun ji bambancin masarar kasuwa, sun ji miyar ta yi lami, yanzu ƙyamar abincin gidansa suke yi. Kullum kwanon ya koma cike sai ya ji kamar an mare shi a gaban jama'a. Ya fara yi wa Zaituna faɗa, abin da bai saba ba.

"Me ya samu hannunki ne? Tuwonki da ake rububi yanzu ko buɗewa ba a yi."

"Malam, ai dawowar tasa..."

"Ba dogon zance na tambaye ki ba. Ki gyara."

Ta haɗiye sauran maganar. Ita ma kunyar ce ke cin ta, don faɗin abin da ke bakinta daidai yake da ce masa ya kasa riƙe gidansa, kuma ba ta taɓa ce masa haka ba tun da aka kawo ta.

Wata ranar Juma'a ya ɗauki babbar rigarsa ta zuwa biki ya kai wa dillali a Funtua. Da ya karɓi abin da aka ba shi, da hatsi ya saya da ya kai su kwanaki masu dama. Sai ya sayi busasshen kifi manya, da man shanu, da ɗanyar kuɓewa, da kayan ƙamshi, ya ƙara 'yar farar masara mai kyau daidai tuƙi ɗaya. Ya zube a gaban Zaituna ya ce yau yana son a ji ƙamshin miyar nan har bakin titi. Ta dubi kayan, ta dube shi, ta tashi ta hura wuta.

Da aka idar da magariba aka jera kwanuka. Baba Mudi ya yi bisimilla ya miƙa hannu wajen na Shitu. Kafin ya kai, Maharazu ya jawo nasa ya dire a tsakiya ya buɗe, abin da ƙarami bai taɓa yi ba a wannan tabarmar. Ƙamshin man shanu ya tashi.

"Baba, yau da nawa za a fara."

"Bari dai, Maharazu," in ji Baba Mudi a hankali. "Rufe shi, ai za mu zo kansa."

"Kullum haka ake cewa. Me gidana ya yi muku? In wani laifi na yi a faɗa mini a gaban kowa. In kuwa babu, na haɗa ku da Allah ku ci abincin nan."

Wanda aka haɗa da Allah ba shi da sauran zaɓi. Baba Mudi ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa hannu ya yanki 'yar loma kamar ta mai ciwon haƙori. Sauran suka bi, kowa na taɓawa kaɗan-kaɗan, ba mai ɗaga kai. Maharazu bai bar su ba. Ya riƙa tura kifi gaban wannan, yana zuga wancan, yana tambaya ko sun taɓa jin miya irin wannan a layin. Shitu ya ce ba su taɓa ji ba, muryarsa ƙasa-ƙasa. Da ya ga suna ja da baya sai shi ya buɗe ciki ya ci, ya ci kamar yadda bai ci ba tun farkon damina, har ya sa yatsa ya suɗe gefen kwanon. Ya ture shi gefe fes, ya ji wani sanyi a ransa.

Sauran kwanukan ba wanda ya taɓa su. Baba Mudi ya jawo na gidansa ya tura masa.

"Ungo wannan, ka shiga wa yara da shi. Jikokina ne ai."

Maharazu ya yi dariya. "Haba Baba, gidan Maharazu za a kai wa tuwo? Ai sai dai a fitar."

Bai jira a kira yaro ba. Shi da kansa ya ɗauki kwanon, yana son ya nuna wa Zaituna cewa da ta gyara hannu ga shi an cinye. Ya ratsa zaure yana kaɗa murfin da yatsa.

A ƙarƙashin rumfa ya same su. An shimfiɗa tabarma, an ajiye fitila a gefe, yaran uku sun yi da'ira sun bar wuri a tsakiya. Sun riga sun wanke hannu, na Kamalu ma ruwa bai gama ɗiga ba. Duk suka ɗago suka dubi abin da ke hannunsa, ba shi suka duba ba. Zaituna ta taso ta karɓi kwanon da hannu biyu kamar yadda ta saba, sai hannuwanta suka yi sama saboda rashin nauyi. Ba ta buɗe ba.

"An cinye," in ji shi, muryar tana raguwa tun kafin ya rufe baki. "Ina na yara?"

Ta matso kusa don kada su ji. "Malam, tun da marka ta kama, abin da kake aunowa kwano ɗaya yake cikawa. In ya fita ya dawo, shi suke ci. Yau tun rana na hana su kwaɗon rama, na ce su bar ciki akwai kifi."

Bushra, da yake ta fara girma, ta riga ta gane. Ta ce wa ƙannenta su tashi su shiga ɗaki, tuwon bai nuna ba tukuna. Mannir ya tashi. Kamalu bai motsa ba, yana ta kallon kwanon da ke hannun uwarsa.

Maharazu ya dubi hannunsa, ga man shanu har yanzu a yatsunsa. Kunya ta rufe shi irin wadda bai taɓa sani ba, ta 'ya'yansa, da ta matarsa, da ta mutanen da ya tilasta wa cin abincin yaransa da sunan Allah alhali sun fi shi sanin na wane ne. A ɗakin girki babu ko garin da za a dama kunu. Ya san wuri ɗaya ne kawai a duk garin da akwai dafaffen tuwo yanzu-yanzu, kuma bai daɗe da yin dariya a wurin ba.

Ya juya ya fita. Tsakanin zaurensa da ƙofar Baba Mudi ba nisa. Yana fatan ya tarar sun watse, yana kuma tsoron ya tarar sun watse. Suna nan zaune yadda ya bar su, kwanuka a rufe, ba mai ci ba mai hira. Da suka ji tafiyarsa kowa ya sami abin kallo, wani wayarsa, wani carbinsa. Ya tsaya a bakin tabarma, mutumin da ake jin muryarsa daga bakin titi, ya rage murya.

"Baba," ya ce da ƙyar, "kwanon nan da ka ce..."

"Yana gabanka," in ji Baba Mudi, bai ɗago ba. "Yi sauri kada ya huce."

Ya durƙusa ya ɗauka. Ba wanda ya ce masa sannu, kuma ya gode musu da hakan har zuciyarsa.

Da ya dire shi a tsakiyar tabarmar, Zaituna ta kira su Bushra suka fito. Kamalu ya leƙa murfin, ya shafa gefensa da ɗan yatsa, ya ɗago ya dubi ubansa.

"Baba, wannan ba kwanonmu ba ne."

"Ku yi bisimilla," in ji Zaituna.

Maharazu ya koma gefe inda hasken fitila bai kai ba, ya tsuguna ya juya musu baya. Daga nan yana jin yadda suke ci da sauri.